Gangunan Dona Idalina

Duk wanda ya taɓa sayen kifi a babbar kasuwar Setúbal a shekarun baya ya san Dona Idalina, ko bai san sunanta ba ya san muryarta. Gajeriya ce kakkaura, damatsanta kamar na ɗan dambe. In ta kwaɗa kiran "Sadin! Sadin na yau, ba na jiya ba!" daga teburinta, sai masu kayan lambu da ke can ƙarshen rumfa sun waiwayo. Tun tana budurwa take tsaye a bayan wannan tebur, hannu cikin ƙanƙara, har furfura ta cika mata kai.

Abokan sana'arta kuwa da hannunta suka fi tuna ta, don ba ya zama wuri ɗaya. In ciniki ya lafa, sai ta ɗauki wuƙa a dama, abin kankare kifi a hagu, ta hau buga akwati da bokiti da farantin sikeli, tana kaɗa kai. Maƙwabciyar teburinta ta sha ce mata, "Ke Idalina, ki bar mu mu ji da ciwon kanmu mana!" Sai ta yi dariya ta ƙara wuta.

A gida ta gaji abin. Ubanta Zacarias masunci ne, amma ranar biki shi ke rataya babbar ganga a ƙungiyar badujala ta unguwarsu. Tana ƙarama ta roƙe shi ya koya mata. Ya shafa kanta ya ce wannan ba aikin 'ya mace ba ne, ya miƙa sandar ga wanta, wanda ko tafi ba ya iya yi daidai da jama'a. Ba ta sake tambaya ba. Ta girma, ta shiga kasuwa, ta auri Anselmo, ma'aikacin jirgin fito, mutum dogo siriri mai shiru-shiru wanda ba ya son komai a duniya kamar ya zauna a baranda kusa da kejin kanarinsa. Suka haifi 'ya ɗaya, Marisa, ta yi karatun jinya ta tafi aiki Faransa.

Da gwiwoyi suka ƙi tsayuwa, Idalina ta bar wa 'yar ƙanwarta tebur ta dawo gida. Nan Anselmo ya gane kurensa. Shi ma ya yi ritaya, yana ta murnar hutu, ashe kasuwa ce ke tare masa wannan hannu duk shekarun nan. Yanzu murfin tukunya ganga ne, teburin cin abinci ganga ne, har bayansa in ya juya yana gyangyaɗin rana.

Wata Asabar aka gayyace su bikin aure a Palmela. Makaɗan da aka ɗauko su huɗu ne, mai gangunan kuwa mace ce, da tsohon ciki har ya kusa taɓa gangar gabanta. Idalina ta ja kujera ta zauna kusa da ita. Aka kawo miya ta huce, aka kawo gasasshen kifi ya huce, ba ta ko kalli faranti ba. A hanyar komawa gida, suna cikin mota, ta ce,

"Anselmo, ganguna zan saya."

"Na wa?"

"Nawa."

Ya ɗan dube ta, sannan ya ce, "Kin sha maganinki da safe kuwa?"

Ranar Litinin ta tasa shi gaba zuwa shagon kayan kiɗa da ke bayan tashar jirgin ƙasa. Mai shagon Rogério ne, wani mai sanƙo da ɗan guntun gashi ɗaure a ƙeya, wanda ya yi ƙuruciyarsa yana kiɗa a gidajen biki. Da ya ga tsohuwa riƙe da jakar cefane tana zagaya gangunan, sai ya taso da fara'a.

"Sannu da zuwa, Dona. Na jika ne? Shekararsa nawa?"

"Jikan wa? Kana ganin jika a nan? Ni zan kaɗa."

Rogério ya dubi Anselmo. Anselmo ya dubi rufin shago.

"To bismillah, ga kujera," in ji Rogério, ya miƙa mata sanduna.

Ganguna ne jajaye masu ƙyalli, babba a ƙasa da feda a jikinta, ƙanana a sama, ga fayafayan tagulla a kan sanduna dama da hagu. Idalina ta ajiye jaka, ta tattare siket, ta zauna. Ta taka feda sau ɗaya. Ƙarar ta shiga ta tafin ƙafarta ta fito ta ƙirji. Ta sake takawa. Sannan ta sauke hannu biyu gaba ɗaya, ta yi irin kiɗan da take yi a kan akwatin kifi, sai dai yau akwatin yana amsawa. Gitocin da ke rataye a bango suka ɗauki gunji. Wani kare a waje ya fara haushi. Da ta tsaya, idanunta sun kawo ruwa, tana haki tana dariya.

"Waɗannan," ta ce. "A ɗaure min su."

Anselmo ya dafe ƙirji.

Rogério ya sosa sanƙonsa. "Dona, hannu kam akwai shi, ban yi miki ƙarya ba. Amma a ina kuke zaune?"

"Gidan bene, hawa na uku."

"Sabon gini ko tsoho?"

Anselmo ya yi caraf ya ce, "In maƙwabci ya yi atishawa mukan ce masa sannu."

"To ki ji gaskiya," in ji Rogério. "In kika kai waɗannan can, kafin Lahadi za ki tarar da katifarki a bakin titi. Zo ki ga wani abu."

Ya kai ta lungu inda wasu baƙaƙen faranta na roba ke maƙale a jikin ƙarafa, wayoyi na reto ta ko'ina. Ya ce waɗannan na lantarki ne, sautinsu a kunnen mai kaɗawa kawai yake fita. Idalina ta taɓe baki.

"Wannan ai shanyar murafen tukwane ce. Ni ganga na ce maka."

"Zauna dai."

Ya ɗora mata hedifon a kai ya rufe kunnuwanta ruf. Ta buga farantin gaba da raini, sai ta zabura har ta kusa faɗowa daga kujera. A cikin kunnenta ganga ce sosai, kamar a tsakiyar babban zaure. Rogério ya danna wani maɓalli, ta koma kamar ta 'yan fareti. Ya sake dannawa, ta zama wata irin ta 'yan zamani mai ƙara kamar harbi. Shi kuwa Anselmo da ke tsaye a gefe ba ya jin komai sai ƙwas-ƙwas-ƙwas, kamar kaza na tsattsagar tire. Fuskarsa ta washe. Rabon da ya yi irin wannan murmushi tun ranar da aka haifi Marisa.

"Ranka ya daɗe," ya ce wa Rogério, "waɗannan su ne ganguna. Waɗancan jajayen ai tashin hankali ne."

Sun daɗe suna ja-in-ja. Ita ta ce na roba ba su da rai, sanda ba ta dawowa hannu yadda take dawowa daga fata. Anselmo ya ce kanarinsa mai ƙaramar zuciya ne. A ƙarshe ta yarda da na roba, amma tana fita daga shago tana waiwayen jajayen kamar wadda ta bar ɗa a asibiti. Kuma ta kafa sharaɗi ɗaya: kada kowa a unguwa ya sani sai ta ƙware. Ta san bakin matan gidansu, ba ta shirya zama abin hirar gidan burodi ba.

"Rantse," ta ce.

Anselmo ya rantse da kabarin uwarsa.

Ya yi ta hawa da kwalaye ɗaya bayan ɗaya zuwa hawa na uku, a kwalin ƙarshe bayansa ya riƙe. Washegari kuma garin ɗaura ƙarafan a tsohon ɗakin Marisa, wani ya suɓuce ya same shi a ƙasan ido. Wurin ya kumbura ya yi baƙi.

Idalina ta duƙufa. Kowace rana bayan abincin rana sai ta cire takalmi, ta rufe ƙofa, ta ɗora hedifon. Rogério ya nuna mata abin farko: dama tana gudu a kan faifai, ƙafa na taka feda, hagu kuma ya jira lokacinsa ya sauka. Dama ta kama nan da nan, ƙafa ma ba laifi. Hannun hagu ne ya ce bai san zance ba. A kasuwa ya saba bin ɗan'uwansa duk inda ya nufa, yanzu an ce ya tsaya da kansa, sai ya riga lokaci ko ya makara. Idalina kuwa ba ta iya fushi a ɓoye ba. Ga shi kunnuwanta a toshe, ba ta san iyakar inda muryarta ke kaiwa ba.

Wani abu kuma da ba wanda ya gaya musu shi ne, roba ba ta ƙara, amma feda tana dukan daɓe, daɓen kuma rufin wani ne.

A ƙarƙashinsu Dona Filomena take, gwauruwa mai yawan zuwa coci, wadda ta je jinyar yayarta a ƙauye lokacin da aka shigo da kwalaye. Ta dawo, ta zauna da rana tana saƙa, sai ta ji dum! dum! dum! daga sama, fitilar rufi na rawa. Sannan muryar Idalina ta ratso:

"Raggo! Na ce ka jira! Wa ya ce ka motsa?"

Dum! Dum!

"Shekara da shekaru ina ɗauke da kai, ba ka tsinana min komai ba! Ɗago! Ɗago na ce! Wallahi yau sai na karya ka!"

Saƙa ta faɗi daga hannun Filomena. Ta yi alamar gicciye.

Da safe ta tare Anselmo a matakala. Yana saukowa a duƙe, hannu ɗaya a ƙugu, ido a kumbure.

"Wayyo Senhor Anselmo! Me ya same ka haka?"

"Ba komai, Dona Filomena. Baya ne, da ɗan ido."

"Garin yaya?"

Ya buɗe baki, ya tuna kabarin uwarsa, ya rufe. "Ki yi haƙuri. Ta sa na rantse ba zan faɗa ba."

Kafin la'asar labari ya gama gidan bene daga ƙasa har sama, ya tsallaka zuwa gidan burodi, ya shiga shagon kofi. Anselmo ya ga rayuwa ta canza masa ba tare da ya san dalili ba. In ya shiga shagon kofi sai a tashi a ba shi kujerar kusa da taga, wani ya dafa kafaɗarsa ya yi ajiyar zuciya. Dona Filomena ta fara tsare shi a ƙofarta da kwanon shinkafa da madara, an barbaɗa kirfa a kai, ta ce, "Ci a nan, bawan Allah, kafin ka hau." Matar hawa na ɗaya ta ce in dai yana neman wurin fakewa, ɗakin ɗanta babu kowa.

Ba wawa ba ne. Wata rana yana baranda ya ji matarsa na yi wa hannunta tsawa, ya kalli idonsa a gilashin taga, sai ya gane komai. Ya yi niyyar gyara zance. Amma rantsuwa rantsuwa ce, kuma Idalina ba ta taɓa iya shinkafa da madara ba, kullum sai ta kama ƙasan tukunya.

Ita kuwa ta lura gari ya yi mata sanyi. Ta gaida mata a matakala su amsa a daƙile. Mai burodi da suka saba tsokanar juna ya miƙo mata burodi yana kallon gefe.

"Anselmo, me na yi wa mutanen nan?"

"Zafi ne," ya ce. "Zafi na sa mutane haka."

Ranar da abin ya fashe, Idalina na fama da wani sabon salo ne mai wuya. Filomena ta ji dukan ya fi na kullum, ta ji ana cewa, "Yau ko ni ko kai!" Ta ce a ranta in ta ƙara yin shiru, da ita za a yi hisabi. Ta ɗauki sandar share daɓe, ta ƙwanƙwasa wa matar hawa na ɗaya da wata maƙwabciyarta ta hawa na biyu, suka hau su uku suna haki. Ta buga ƙofa da ƙarfi.

Anselmo ya buɗe, cokali a baki, kwanon Filomena na jiya a hannu.

Suka tsaya suna kallonsa. Daga cikin ɗaki kuwa abin bai fasa ba. Dum! Dum! "Munafuki! Ka sake makara ka gani!"

"To... wa take duka?" in ji maƙwabciyar Filomena.

Anselmo ya cire cokali. "Na rantse ba zan faɗa ba. Amma ban rantse ba zan matsa daga ƙofa ba."

Ya matsa. Filomena ta wuce da sandarta ta tura ƙofar ɗaki. Ga Dona Idalina a kan 'yar kujera, ƙafa ba takalmi, siket a tattare, hedifon ya danne furfura, ido a rufe, gumi na ɗiga daga haɓa, tana zabga wa faranta na roba sanda tana zagin hannunta na hagu. Sai da ta kai ƙarshen salon, ta daki faifai, ta buɗe ido, ta ga mata uku da sandar shara.

Ta zare hedifon a hankali. "Gobara ake yi?"

Matan suka kalli juna. Matar hawa na ɗaya ce ta fara, dariya ta ƙwace mata har ta zauna a gadon Marisa. Filomena kuwa ta yi ta in-ina, ta kawo zancen fitila, da ido, da baya, da rantsuwa, har Idalina ta haɗa lissafin da kanta. Ta ajiye sanduna. Ta leƙa bayan matan inda mijinta ke ƙoƙarin ɓoye kwano a bayansa.

"Anselmo."

"Na'am."

"Ka san abin da ake faɗa a kaina?"

"Na ɗan ji ƙishin-ƙishin."

"Ka yi shiru?"

"Ke kika ce in rantse."

"Wannan kwanon na waye?"

Ya dubi kwanon kamar yau ya fara ganinsa.

Ba ta yi ihu ba, abin da ya fi tsorata shi ke nan. Ta juya ga Filomena ta ce, "Tare muka yi zaman makokin mijinki. Ni na riƙe ki a maƙabarta. Ashe kina ganin zan iya ɗaga wa wannan sandar rake hannu?" Muryarta ta ɗan karye. Filomena ta fashe da kuka, ta ce ai ita ma abin ya hana ta sukuni, ta yi ta kunna mata kyandir a coci Allah ya shirye ta.

"Kyandir!" in ji Idalina. Ta yi ƙoƙarin riƙe fushinta, ya ƙi riƙuwa. "Zo nan, uwar tsegumi. Zauna."

Ta danna wa Filomena hedifon a kai, ta ɗauki sanduna ta kaɗa mata abin da ta iya. Idon gwauruwar ya fito waje. Ta ɗaga murya yadda mai toshe kunne ke yi, ta kwarma, "Idalina! Ashe duk wannan na cikin robar nan?"

"Kun ji ko?" Anselmo ya ce wa sauran. "Haka abin yake sa mutum."

Hukuncinsa bai zo da sauƙi ba. Rogério ya ce maganin dukan daɓe shi ne a yi dandamali na katako biyu, a jera ƙwallayen tanis a tsakaninsu su shanye girgizar. Anselmo ya yi ta zarya zuwa filin wasan tanis yana roƙon tsofaffin ƙwallaye, ya huda katako, ya jera, ya ɗaure, bayansa na ƙara. Aka ɗora gangunan a kai, Idalina ta hau kamar mai hawa karaga. Fitilar Filomena ta daina rawa. Murya kam ba a samo mata ƙwallo ba, sai dai yanzu in an ji "Raggo!" daga hawa na uku, masu wucewa kan ɗaga kai su ce, "A yi masa a hankali, Dona!" A shagon kofi kuwa an karɓe kujerar taga, aka kuma laƙaba wa Anselmo suna Hannun Hagu, sunan da ya bi shi har yau.

Amma ya san bai gama biyan laifinsa ba, don ya ga yadda Idalina take tsayawa a gaban shagon Rogério duk ranar da suka bi ta tasha. Akwai wata rumfar ajiye raga a bakin ruwa da ya gada daga wansa, cike da tsummokara da ƙarafa masu tsatsa. Ya share ta shi kaɗai bai gaya mata ba, ya toshe ɓarakar rufi, ya shimfiɗa tsohuwar darduma. Jajayen an riga an sayar, amma Rogério na da wasu tsofaffi nasa na zamanin gidajen biki, fentinsu ya ɗan ɓare, sautinsu kuwa garau. Anselmo ya saye su ya kafa a cikin rumfar. Ranar da Anselmo ya kai ta ya buɗe ƙofar rumfar, Idalina ta zagaya gangunan tana shafa fatarsu. Sannan ta ce, "Ka dai ci shinkafar mutane," ta kama kunnensa ta ja, ta sumbaci goshinsa.

Tun daga nan ta raba makonta biyu. Ranakun aiki tana gida a kan roba tana koyo, Asabar da Lahadi tana bakin ruwa inda ba mai jin ta sai tsuntsayen teku da masu gyaran raga. In aka tambaye ta wanne ya fi, takan ce na roba kamar hira da Marisa ne a waya, ana jin murya sarai, ana kuma godiya, amma ba a rungumar waya.

A watan Yuni na shekarar da ta biyo, lokacin bikin unguwa da ake rataya takardu masu launi a kan titi ana gasa sadin a kowace ƙofa, mai kaɗa wa unguwar ganga ya tafi a yi masa aikin ido. Aka rasa mai maye gurbinsa. Filomena ce ta je har gidan shugaban kwamiti ta ce ai suna da makaɗiya a hawa na uku. Aka ɗauko gangunan daga rumfa a motar mai burodi, aka kafa su a kan dandamali kusa da wani tsoho mai akodiyan, abin kiɗan nan da ake ja ana matsewa a ƙirji, Senhor Baltazar, wanda ya dube ta sama da ƙasa ya ce shi dai a bi shi sannu.

Waƙar farko ta bi shi sannu. Ta biyu ma haka, tana cije leɓe, tana kallon hannunta. A ta uku ta ɗaga kai ta ga titi ya cika, tsofaffin abokan kasuwarta sun zo da mazansu suna juyi, Anselmo na gefe riƙe da jakarta a hammata. Sai wani abu ya taso mata daga ciki. Kiɗa ya fara sauri. Masu rawa suka ƙara ƙafa, ta ƙara. Wata ta yar da takalmi. Yatsun Senhor Baltazar na ta tsere a kan akodiyan, fuskarsa ta yi jawur, ya juyo ya kwaɗa mata kira:

"Dona Idalina! Don Allah a hankali, ina da hawan jini!"

Ba ta ko rage ba. Ta daki faifan tagulla ta amsa masa da muryar da ta cika titin gaba ɗaya:

"Haɗiyi maganinka ka biyo ni!"